Aikin Dogo da Mai Lofe

Turmin ya fi ƙarfin Ugomma, saboda haka mirgino shi ta yi tun daga bakin titi har tsakar gidan Lucia, yana tafe yana naɗe jar lakar damina. Turmin sakwara ne na ƙirya, bakinsa ya yi santsi don daɗewa. Ta tayar da shi kusa da murhu, ta dafa ƙugu tana haki.

"Mama Milka, ki ajiye mini wannan."

Lucia ta dubi turmin, ta dubi ƙawarta. Mace ba ta ba da ajiyar turminta sai in wutar murhunta za ta mutu.

"Za ku tafi ke nan," ta ce.

Ugomma ta saci kallon ɗakin da Azariya, mijin Lucia, yake kwance, sannan ta rage murya. "Nonso ya aiko daga Onitsha. Ya ce in ba mu zo da ƙafanmu ba, shi zai zo ya kwashe mu kamar kaya. Amma don Allah kar Foman ya ji. Papa Nonso ya ce shi da bakinsa zai faɗa masa."

Watan Agusta ne na shekarar 1993. Tun da aka soke zaɓe garin Kafanchan ya cika da raɗe-raɗi, kowa da irin yaƙin da yake hangowa. Ibo, waɗanda aikin reluwe ya kawo iyayensu, suka soma ɗaure kaya, domin wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ifediora, mijin Ugomma kuma uban Nonso, ya taɓa gudu sau ɗaya a 1966, ya dawo bayan yaƙi ya tarar da gidansa a share, Azariya ya riƙe masa. A rikicin 1987 kuwa ko gezau bai yi ba. Lucia ta ɗauka shi da garin nan sai dai mutuwa.

Ranar Asabar Ifediora ya iso da tsohuwar a-kori-kurarsa, kamar yadda ya saba zuwa hira tun da idanun Azariya suka rufe. Sai dai wannan karon bai kashe motar ba. Daga bakin ƙofa ya ɗaga murya.

"Foman! Tashi ka sa takalmi. Yau za mu je duba aiki."

"Wane aiki kuma, Injiniya?" Azariya ya amsa daga ɗaki. "Makaho da duba aiki?"

"Aikin Dogo da Mai Lofe. Duka. Hannunka ai bai makance ba."

Ifediora bai taɓa zama injiniya ba. Azariya ne ya laƙaba masa sunan don tsiya tun suna samari, sunan ya bi shi har furfura.

Dogo da Mai Lofe kuwa Turawa ne biyu daga ƙasar Ireland, masu zanen gini, da suka haɗa kamfani a Dublin da sunayensu na asali, Kirwan da Hanlon. Can gida ƙananan makarantu da gidajen Fada, wato limaman coci, suke zanawa, aikin ma bai cika samuwa ba. Sai wani Fada ɗan garinsu ya kira su su zana masa zauren taro guda ɗaya a kudancin Zariya. Suka zo da niyyar wata shida, suka share shekara goma sha huɗu.

Kirwan dogo ne siriri, ba ya son magana. Yakan zauna a kan dutse rabin yini yana kallon inda iska take fitowa kafin ya ja layi ɗaya. Hanlon gajere ne mai faɗa, lofe a baki kullum ko da babu taba a ciki. Shi ke ciniki da masu siminti, shi ke jayayya da Bishop, Hausa kuwa ya iya ta har da zagi. Ba a taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba, ba a kuma taɓa ganin ɗaya ya ci abinci bai jira ɗaya ba. Ifediora ya bar ofishin zane na reluwe ya koma yana kwafe musu taswira da tawada. Azariya, ɗan Kagoma da ya koyi fasa dutse a wajen aikin gada, ya zama shugaban maginansu, wato Foman. Abin da wannan ya ja a takarda, wancan ke tayar da shi da dutse.

Lucia ta zuba faten acca a kula, ta ɗaura ɗankwalinta na zumuntar mata, ta shiga gaban mota ta zauna a bakin taga, Azariya a tsakiya.

Zauren taron mishan suka fara zuwa, can bayan tashar jirgi. Shi ne aikin farko na Turawan, kuma tun gobarar 1987 ba shi da rufi. Ciyawa ta fito a inda ake jera benci, awaki suna kiwo a kan dandamali. Ifediora ya kama hannun abokinsa ya ɗora a bango. Azariya ya bi shi da tafi a hankali, dutse bayan dutse, kamar mai gaisawa da mutane a layi.

"Dutsen Kagoro," ya ce. "Wuta ta lashe shi, ba ta ci ba."

"Ka tuna faɗan da aka yi a kan ramukan sama?"

Azariya ya yi dariya har da tari. Lucia ma ta tuna labarin, don ta ji shi ya fi a ƙirga. Dogo ya bar ramuka a saman bango kamar saƙar zuma, wai iska ta riƙa ratsawa. Mai Lofe ya rantse jemagu ne za su tare a ciki. Sati guda suna aika wa juna saƙo ta bakin Ifediora alhali teburinsu ɗaya.

"Duka biyu suka yi gaskiya," in ji Ifediora. "Iska ya shiga, jemage ma ya shiga."

"A nan Mai Lofe ya yi mana rawar garinsu ranar 'yancin kai," Lucia ta ce. "Hannu manne da jiki kamar soja, ƙafa kuwa sai ka ce ya taka garwashi. Mama Nonso ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi."

Azariya ya ɗaga fuska sama, inda ruwa ke ɗan yayyafi a kan goshinsa. "Rufin Lawal kafinta," ya ce. "Katako ne kamar haƙarƙarin saniya, babu inda ya lanƙwasa." Washegarin gobarar, Lawal ya zo da carbinsa a hannu, ya tsaya cikin toka yana hawaye, jama'ar coci suna kallonsa. Kafin damina ta faɗi ya kwashe iyalinsa zuwa Zariya. "Ko yana raye?" Azariya ya ce. "Mutum ya tafi ko sallama babu."

Lucia ta ga Ifediora ya buɗe baki. Sai ya juya ya kori akuyar da ba ta tare masa komai ba.

Suka ɗauki hanyar Kagoma. Ko'ina kore shar, gonakin citta da kunyoyin doya sun bi gefen titi, babura suna wuce su ɗauke da buhuna. Azariya ya riƙa faɗin sunan kowane rafi daga jin ƙarar gada a ƙarƙashin taya, in ya yi kuskure Ifediora ya bar shi bai gyara masa ba.

Ɗakin shan maganin da ke kusa da Fadan Kagoma ya zama sito tun da aka buɗe sabon asibiti. Ƙamshin busasshiyar citta ya tare su tun daga nesa. Amma barandar tana nan, faffaɗa, da ginshiƙanta na dutse da dakalin zama zagaye da ita. Dogo ne ya lura cewa a ƙasar nan majinyaci ɗaya da mutum goma yake zuwa, ya zana barandar ta fi ɗakin kwanciya girma. Mai Lofe ya ce su asibiti aka sa su ginawa, ba kasuwa ba. Da aka buɗe wurin kuma shi ne ya fi kowa zama a barandar, yana tsokanar tsofaffi.

A kan dakalin nan Lucia ta yi naƙudar Milka, 'yarsu ta fari, don ɗaki ya cika. Ta nemi daidai wurin ta zauna, ta buɗe kula. Azariya ya ci da daɗi. Ifediora ya riƙa juya cokali a cikin kwano.

"Injiniya, yau cokalinka ba ya magana," in ji Azariya.

"Ciki ne, Foman. Tsufa."

"Uhm."

Rana ta karkata lokacin da suka hau tudun ƙauyen su Lucia, inda cocin yake. Shi ne aikin ƙarshe na Turawan, kuma shi ne wanda ba ya kama da kowane coci a yankin. Zagayayye ne, rufinsa ya sauko ƙasa-ƙasa kamar malafa, domin Dogo ya daɗe yana zaga ƙauyen yana kallon rumbuna da ɗakunan ciyawa. Mai Lofe ya ce masa wannan bukka ce, ba ɗakin Ubangiji ba. Amma ranar da Bishop ya zo ya faɗi daidai wannan magana, Mai Lofe ne ya cire lofe daga baki ya tsaya a gabansa, ya ce in ba a gina shi yadda abokinsa ya zana ba, to a nemi wasu. Da Bishop ya tafi, ya juya ya ce wa Dogo, "Har yanzu dai bukka ce."

Lucia tana budurwa lokacin, cikin 'yan matan da ke ɗebo ruwa daga rafi don kwaɓa siminti. Akwai wani magini da kullum sai ya leƙa tulunta ya ce ruwan da laka, ta koma ta sake. Ranar da ta gaji ta juye masa tulun a ƙafa, sai ya yi dariya ya ce dama muryarta yake son ji. Yanzu ga shi tana riƙe da gwiwar hannunsa, tana gaya masa inda matakala take.

A gefen cocin akwai gindin hasumiya da bai wuce tsayin ɗaki ba, kansa a buɗe, gamji ya tsiro a tsaginsa. Nan aiki ya tsaya a 1966. A ɗan ɗakin da ke ƙasansa Azariya ya ɓoye Ifediora da Ugomma da Nonso yana goye, Lucia tana kai musu tuwo a cikin tulun ruwa, har ranar da Mai Lofe ya kwantar da su a bayan Landirobarsa, ya lulluɓe su da buhunan siminti, ya tuƙa su zuwa Makurdi. Da shekara ta zagayo yaƙi ya ɓarke. Matar Dogo ta ce ita da 'ya'yanta ba za su ƙara kwana a ƙasar ba. Lucia ta ga Turawan biyu tsaye a gindin hasumiyar nan ranar da suka rabu, kuma shi ne karo na farko da ta ga suna magana ba ta jiyo muryar Mai Lofe ba. Dogo ya tafi bai sake dawowa ba. Mai Lofe ya zauna, yana ɗan zana ajujuwa da gidajen malamai, yana sa sunayensu biyu a ƙasan kowace takarda kamar da, har zazzaɓi ya ɗauke shi a 1972. Kabarinsa yana nan a inuwar ginin da bai gama ba.

Suka zauna a kan dakalin kabarin, maza biyun. Lucia ta koma gefe tana cire ciyawa, kunnenta a wurinsu.

"Foman," Ifediora ya ce, "tsakanin mutanen nan biyu, wa ya yi daidai? Wanda ya tafi, ko wanda ya zauna?"

Azariya ya jingina haɓarsa a kan sandarsa. "Wanda ya tafi ya ga jikokinsa. Wanda ya zauna, ga mu muna share masa kabari. Ni ban san wanda ya ci riba ba." Ya ɗan juya fuskarsa wajen abokinsa. "Yaushe motarku za ta tashi?"

Hannun Lucia ya tsaya a cikin ciyawa.

"Mama Milka ne ya faɗa maka?"

"Ba ta faɗa ba. Jiya ta daka mini sakwara. Shekara nawa ina cin sakwara a gidanka, ban san ƙarar turmin matarka ba?"

Ifediora ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake cirewa. "Litinin," ya ce. "Ni ban so ba, Allah ya sani. Yaron ne. Ya ce shi bai manta warin siminti ba, ko da yake ƙarya ne, yana goye lokacin. Ugomma kuma ba ya barci. Ko taya ya fashe a titi sai ya tashi zaune."

"Ka tafi," in ji Azariya. "Wancan karon ina da ido, ina da ƙarfi. Yau in wani abu ya taso, ina zan ɓoye ka? Ni ma ja na ake yi."

Ifediora ya laluba aljihu ya ciro mabuɗi, ya buɗe tafin abokinsa ya saka, ya naɗe yatsun a kai. "Ban sayar ba. In ƙasa ya lafa, kafin Kirsimeti ina nan."

"Makaho za ka ba gadi?"

"Wanda na ba wancan karon shi zan ba."

Can cikin coci mata suka soma koyon waƙar Lahadi, ana buga tulu, muryoyinsu suna zagaya ginin suna fitowa ta ƙarƙashin rufi. Azariya ya riƙa kaɗa sandarsa a hankali. Sai da hadari ya haɗo daga wajen duwatsu sannan Lucia ta ce su tashi.

Ranar Litinin ita kaɗai ta raka su tasha. Azariya ya ce ƙafarsa na ciwo.

Yaƙin da ake tsoro bai zo ba. Kafin ƙarshen shekara yawancin waɗanda suka tafi sun dawo sun buɗe shagunansu, ana yi musu dariya, su ma suna yi wa kansu. Ifediora bai dawo ba. Hawan jini ya kwantar da Ugomma, Nonso kuma ya ce ba inda za su. Duk direban da ya zo daga Onitsha da saƙo ɗaya yake zuwa: bayan Ista, bayan damina, bayan Kirsimeti. Kowace Asabar Lucia takan je ta buɗe gidan ta share, ta dawo ta mayar wa Azariya mabuɗin, ya sa a ƙarƙashin filo. Asabar ɗin takan yi masa tsawo. Wani lokaci in ya ji ƙarar tsohuwar mota a titi sai ya daina tauna, har ta wuce.

Azariya ya rasu a farkon daminar 1996, cikin barcin rana, ba tare da wata doguwar jinya ba. Aka binne shi a harabar cocin kan tudu, yadda ya roƙa. Saƙo ya yi nawa a hanya. Ifediora ya iso bayan an watse daga zaman makoki, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya durƙusa a gaban Lucia zai yi mata gaisuwa, maganar ta ƙi fita, sai ita ce ta koma tana ba shi haƙuri.

Washegari ta kai shi kabarin. Tudun jar ƙasa ne kawai da gicciyen katako. Ya daɗe a tsaye, sannan ya nemi takarda da fensir a wurin katikis, malamin cocin, ya zauna a kan matakalar coci ya yi zane: 'yar katangar dutse zagaye da kabarin, da wurin zama a gefe ɗaya. Layin ya fita tsaf.

"Wa zai gina?" ya tambaya.

Aka dubi juna. Martins, mijin Milka, ya ce maginan yanzu duk na bulo ne, masu aikin dutse sun ƙare, sai dai a nemo daga Jos.

Ifediora ya naɗe takardar. "Mama Milka, kayan aikinsa yana nan?"

Ta ɗauko masa guduma da cizal daga ƙarƙashin gado, ƙotar gudumar ta lotsa daidai inda yatsun Azariya suke zama. Mutumin da duk rayuwarsa bai ɗaga abin da ya fi kwalbar tawada nauyi ba, ya shiga gindin tudu yana tsintar duwatsu, yana fasawa, yana kwaɓa siminti a kan tsohon kwanon rufi. Matasan coci suka zo taya shi, ya yarda su ɗauko masa dutse da ruwa, amma jerawa ya ce nasa ne. Tafinsa ya yi bororo ya fashe. Lucia ta yayyaga tsohon zane ta naɗe masa, ta riƙa hawo masa da abinci kullum, tana zama a inuwa tana jin yadda yake gunaguni shi kaɗai, rabi da Hausa rabi da Ibo, kamar mai musu da wani.

Ranar da ya gama, Martins ya zo ya zagaya kabarin, ya tsuguna ya hango ta gefe, ya matso kusa da surukarsa ya rage murya.

"Mama, ya karkace fa. Gefen nan ya fi wancan tsawo. Bari Baba ya tafi, sai in kawo mai bulo ya gyara."

Lucia ta dubi katangar. Ko ita da ba magini ba ta ga karkacewar. Da mai shi yana nan, shafa ɗaya zai yi ya sa ƙafa ya ture ta, su wuni suna cacar baki. Ta dubi Ifediora can zaune a kan matakala, hannuwansa nannaɗe a kan gwiwa, yana kallon aikinsa.

"Bar shi," ta ce. "Foman bai ce a rushe ba."